Kwana shida a Chamonix: ina za a sauka, kuma yaushe za a hau sama?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasu iyali ne, mutum biyar, ciki har da yara biyu da dattijo guda, za su yi kwana shida a Chamonix ta ƙasar Faransa a watan Yuli, bayan sun gama wani taro a Jeniba. Sun nemi shawara a kan abu uku. A tsakiyar gari za su kama masauki ko a ƙauyukan gefe? Motar igiyar da ke hawa tsinin dutsen Aiguille du Midi ta dace da yara da tsofaffi? Sannan me ya kamata su sani game da wurin kansa, don kada su je su dawo da hotuna kawai?

Malam Mai Taswira: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar masauki a fara da siffar ƙasar, don ita ce ke yanke hukunci a kan komai a can. Chamonix, wanda mutanen wurin ke furtawa Shamoni, gari ne a cikin kwari mai tsawo da ƙunci, ya miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Kogin Arve ne ke ratsa shi, ya gangara har Jeniba ya faɗa kogin Rhône. A ɓangaren kudu maso gabas akwai jerin tsaunukan Mont Blanc, wanda ƙololuwarsa ke da kusan mita 4,806. A ɗaya ɓangaren akwai jerin tsaunukan Aiguilles Rouges, inda tsaunin Brévent yake, mai mita 2,525. Shi garin a mita 1,035 yake. Wato Jos, da ke wajen mita 1,200, ta fi shi tudu. Sanyin Chamonix ba daga tudun garin yake zuwa ba, daga nisansa ne da tsakiyar duniya, da inuwar duwatsu, da iskar da ke gangarowa daga kan ƙanƙara da dare.

Idan aka taso daga ƙasa, haka ƙauyukan suke jere: Servoz, Les Houches, Les Bossons, Chamonix, Les Praz, Les Tines, Argentière, Montroc, Le Tour. Vallorcine kuwa sai an tsallake mashigar Col des Montets, mita 1,461, kuma ruwanta Suwizalan yake gangarawa. Layin dogo ɗaya ne da babbar hanya ɗaya suka ɗinke kusan dukkansu kamar zaren carbi. Duk wanda ya riƙe wannan jeri a kansa ba zai ɓata ba.

Yaya Bala: Ni dai shawarata su sauka a Les Houches ko Argentière. Kuɗin ɗaki ya fi sauƙi, babu hayaniyar dare, kuma gida mai kicin ya fi samuwa. Mutum biyar a otal a tsakiyar Chamonix cikin Yuli ɗaki biyu ke nan, wataƙila uku, ga cin abinci a waje sau uku kullum. Aljihu zai ji a jikinsa.

Anti Rabi: Yaya Bala, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Arhar Les Houches gaskiya ce, amma ƙauye ne da ya warwatsu a kan gangare na tsawon kilomitoci. Sai ka ga an rubuta adireshi Les Houches, alhali daga gidan zuwa tashar jirgi tafiyar minti ashirin da biyar ce a kan hawa. Da dattijo da yara, ba tare da mota ba, wannan wahala ce safe da yamma. Jirgin kwarin kusan sau ɗaya yake wucewa a awa, bas-bas kuma suna cika a Yuli da Agusta, da dare kuma suna raguwa sosai. A tsakiyar gari, tashar motar igiyar Aiguille du Midi, tashar jirgin Montenvers (wurin kallon kogin ƙanƙara), tashar Brévent, kantin magani da manyan kantuna duk a ƙafa ake zuwa. Abin da za a duba ba sunan ƙauye ba ne, tazarar ƙofar gida da tasha ce. Idan ta wuce mita 500, ko hanyar hawa ce, a nemi wani.

Yaya Bala: Na karɓi wannan gyaran. To a raba gardama: Les Praz. Tasha ɗaya ko biyu ce daga gari, shimfiɗaɗɗen wuri ne, motar igiyar da ke hawa tudun Flégère tana nan, kuma akwai hanyar ƙafa a bakin Arve da ke kaiwa tsakiyar gari cikin kusan rabin awa.

Malam Mai Taswira: Les Praz zaɓi ne mai kyau. Ƙarin abu ɗaya ga wanda zai je da hunturu: a tambayi mai gida ko rana na shiga. Unguwannin da ke manne da gindin Mont Blanc, irin su Les Bossons da Taconnaz, a Disamba da Janairu rana kaɗan suke gani, don dutsen ya tare ta. Gidajen da ke gangaren Brévent su ne ke fuskantar rana. A Yuli wannan bai dame su ba. Abin da zai dame su shi ne ƙarar manyan motoci idan gidan na kusa da hanyar da ke hawa zuwa ramin Mont Blanc, wanda motoci ke ratsawa zuwa Italiya.

Ɗan Tasha: Bari in yi bayanin hanya. Daga filin jirgin saman Jeniba zuwa Chamonix bai kai kilomita 100 ba, awa ɗaya da kwata ne a mota idan hanya ta yi kyau. Mafi sauƙi ga iyali su yi ajiyar kujeru a ƙananan motocin haɗin gwiwa da ke ɗauka daga filin jirgi su sauke mutum a ƙofar masaukinsa. A yi ajiyar tun kafin a taso, a faɗi shekarun yaran saboda kujerar yara doka ce. Ta jirgin ƙasa kuwa, a hau Léman Express daga Jeniba, ya bi ta Annemasse zuwa Saint-Gervais-Le Fayet, a sauka a canja zuwa Mont-Blanc Express, mai ƙaramin layi, wanda ke hawa kwarin cikin kusan minti arba'in da biyar. Jimilla kusan awa uku, da jigilar akwatuna a wurin canji. Kallo ya fi kyau, amma da kaya masu yawa ban ba da shawara ba.

Wanda zai yi hayar mota ya lura da abu uku. Filin jirgin Jeniba yana da ɓangaren Suwizalan da ɓangaren Faransa, kuma inda ka ɗauki mota nan za ka mayar. Babbar hanyar Suwizalan tana buƙatar takardar shekara ta faran 40, kuɗin ƙasar, motocin ɓangaren Suwizalan suna zuwa da ita, na ɓangaren Faransa ba lallai ba. Na uku, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a yankin Haute-Savoie, inda Chamonix take.

Da zarar sun isa su nemi mai masauki ya ba su carte d'hôte, katin baƙo ke nan. Yana rage kuɗin sufuri a cikin kwarin, daga Servoz zuwa Vallorcine. Sharuɗɗansa suna canjawa, don haka su tambayi abin da ya ƙunsa a wannan shekarar.

Likita Asabe: Zan amsa tambaya ta biyu, kuma ina roƙon a karanta da natsuwa. Motar igiyar Aiguille du Midi tana ɗaukar mutum daga mita 1,035 zuwa Plan de l'Aiguille, mita 2,317, a canja mota, sannan ta kai shi mita 3,777. Daga nan lif ne a cikin dutse zuwa mita 3,842. Duka kusan minti ashirin. Jiki bai san an yi tafiya ba sai ya tsinci kansa a wurin da nauyin iska bai kai kashi biyu cikin uku na bakin teku ba. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419 ne. Wato tashar tsakiya ma ta kusa kai shi.

Abin da ke faruwa ga lafiyayyen mutum: haki a kan matakala biyar, bugun zuciya, jiri, ciwon kai, wani lokaci tashin zuciya. Maganinsa tafiya a hankali, zama, shan ruwa, kuma idan bai lafa ba a sauko. Saukowa ita ce magani, ba ƙwaya ba. Awa ɗaya zuwa biyu a sama ta isa.

Ga inda ya shafe mu musamman. Mai cutar sikila kada ya hau, ko kusa. Ƙarancin iskar shaƙa da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne ainihin abubuwa uku da ke tayar da ciwon, kuma a can duk ukun sun haɗu. Mai AS ma, wanda yake zaune lafiya a gida bai taɓa jin komai ba, an san cewa a tudu mai tsawo jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ɓangaren hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. Ba kowa yake samu ba, amma duk wanda ya ji haka ya sauko nan take ya tafi asibiti, ya kuma gaya musu da bakinsa cewa shi AS ne, don ma'aikacin lafiya a can ba lallai tunaninsa ya fara zuwa nan ba. Dattijon kuwa, idan yana da ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon huhu, ya ga likitansa tun a gida. Mai juna biyu ta haƙura. Yara 'yan ƙasa da shekara 3 ba a barin su hau, 'yan ƙasa da 5 kuma ba a so.

Maman Hafsat: Allah ya saka da alheri Likita. Yaran shekara 7 da 11 ne. To a wace rana za su hau? Wani ya ce musu su yi ta ranar farko su huta.

Likita Asabe: A'a, kada su yi ranar farko. Su kwana biyu a kwarin, su hau mita 2,000 su sauko sau ɗaya ko biyu, sannan su gwada.

Yaya Bala: Likita, a nan akwai wani ɓangare. Sararin sama ne ke da iko. Idan aka ajiye ta sai ranar ƙarshe, gajimare ya rufe ko iska ta sa a tsayar da motar, shi ke nan an rasa. Tikitin babba ya haura Yuro 70, babu amfanin biyan wannan a je a tsaya cikin hazo. Tsarin da ya fi: daga rana ta uku, duk safiyar da ta fara wayewa garau, a tafi. A duba kyamarorin kai tsaye na tashoshin kafin a fita, a yi ajiyar lokacin hawa ta intanet, a hau kafin ƙarfe 9. A lokacin zafi gajimare kan taru bayan azahar, tsawa da ruwa su biyo baya.

Likita Asabe: Daga rana ta uku, mun daidaita.

Anti Rabi: Maganar sutura. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Daga gari zuwa ƙololuwar tashar mita 2,800 ne, wato bambancin kusan digiri 18. Idan gari na 22, sama na 4, kafin a sa iska a lissafi. Da sassafe yana iya zama ƙasa da sifili a tsakiyar Yuli. Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai fitar da gumi, ta tsakiya mai ɗumi irin ta ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga a jikin fata ita ce kuskuren da aka fi yi, tana shan gumi ta riƙe, da an tsaya sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Shadda da atamfa a bar su na yawon gari. Hijabi a ɗaure shi da kyau ko a cusa shi cikin jaket, iskar barandar sama ba ta wasa. Safar hannu, hula mai rufe kunne, takalmi rufaffe mai ƙasa mai kama ƙasa.

Tabarau mai duhu sosai wajibi ne har ga yara. Hasken rana da ke dawowa daga dusar ƙanƙara yana ƙona ido, ciwon kuma sai da dare yake tashi, kamar an zuba yashi. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, musamman leɓe da hanci. Man kare rana da man leɓe su shiga jaka.

Baba Malami: Kun yi maganar jiki, bari in amsa tambaya ta uku. A rubuce, tarihin kwarin ya fara a 1091, lokacin da mai mulkin yankin Jeniba ya ba da shi ga wani gidan ibadar Kirista na Saint-Michel de la Cluse da ke kusa da Turin. Ɗaruruwan shekaru mutanen wurin manoma ne da makiyaya matalauta, suna noman hatsin da ke jure sanyi, suna hawa da shanu tudu da zafi su sauko da su kafin dusar ƙanƙara, wasu na farautar awakin dutse, wasu na haƙar duwatsu masu ƙyalli su sayar. Tsoron tsaunin suke yi. A ƙarni na 17 sanyi ya tsananta a Turai, kogunan ƙanƙara suka gangaro har cikin kwari suka cinye gonaki da ƙananan ƙauyuka, har mutane suka roƙi babban limamin cocin Jeniba ya zo ya yi addu'a a bakin ƙanƙarar.

A 1741 Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, suka hau Montenvers suka ga kogin ƙanƙarar da ake kira Mer de Glace, wato tekun ƙanƙara. Labarin da aka buga ne ya fara jawo baƙi. A 1760 wani masanin kimiyya na Jeniba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc. Sai bayan shekara 26, ranar 8 ga Agusta 1786, Jacques Balmat mai haƙar duwatsu da Michel-Gabriel Paccard likitan garin suka kai ƙololuwa da yamma, ana hangen su da madubin hangen nesa daga gari. Saussure da kansa ya hau a 1787 da 'yan rakiya 18. Mace ta farko, Marie Paradis, 'yar kwarin ce, a 1808.

A lura, duk wannan lokacin Chamonix ba Faransa ba ce. A zamanin su Balmat ƙasar Savoie ce, ƙarƙashin sarakunan da fadarsu ke Turin. In ban da shekarun juyin juya hali da mulkin Napoleon, sai a 1860 ta zama ta Faransa. Jirgin ƙasa ya iso 1901, gasar Olamfik ta hunturu ta farko a duniya a nan aka yi ta a 1924, motar igiyar Aiguille du Midi 1955, ramin Mont Blanc mai kilomita 11.6 zuwa Courmayeur ta Italiya 1965.

Ɗan Tasha: Baba, amma mutum-mutumin da ke tsakiyar gari Balmat ne da Saussure. Idan Paccard na cikin na farko, me ya sa babu shi?

Baba Malami: Tambaya mai kyau, ɗana. Zalunci ne da ya daɗe. Wani marubuci na Jeniba, Marc-Théodore Bourrit, wanda shi ma ya yi ta neman hawa bai samu ba, ya yaɗa cewa Balmat ne ya yi komai, likitan kuwa janyo shi aka yi a galabaice. Wannan labari ya zauna fiye da shekara ɗari, shi ya sa da aka kafa mutum-mutumin a 1887 sai aka yi Balmat yana nuna wa Saussure ƙololuwa da yatsa. Daga baya masu bincike suka tono bayanan waɗanda suka kalli hawan da idonsu, suka ga Paccard da ƙafarsa ya hau, yana ma auna iska a hanya. Sai a 1986, da aka cika shekara 200, aka kafa masa nasa, yana zaune shi kaɗai, 'yan taku kaɗan daga na farkon. A nuna wa yaran duka biyun, a gaya musu dalili.

Malam Mai Taswira: Baba ya taɓo ƙanƙara, bari in faɗaɗa, don nan ne baƙi ke yawan shan mamaki. Kogin ƙanƙara ba ruwa ne da ya daskare ba. Dusar ƙanƙara ce ke taruwa a sama shekara bayan shekara, nauyinta ya danne ta ta zama ƙanƙara mai tauri, sannan ta riƙa gangarowa a hankali. Hujjar tafiyarta tana cikin tarihin garin. A 1820 zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe 'yan rakiya uku a saman Mont Blanc, gawarwakinsu suka faɗa tsaga. A 1861, bayan shekara 41, ragowarsu ta fito a ƙarshen kogin ƙanƙarar Bossons, can ƙasa. Wannan haɗari na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar 'yan rakiyar Chamonix a 1821, wadda har yau take aiki. Haka Bossons ke ta fito da tarkacen jiragen saman Indiya biyu da suka faɗi a tsaunin a 1950 da 1966.

Irin wannan ƙanƙara ce ta sassaƙa kwarin kansa, shi ya sa gindinsa shimfiɗe yake, bangonsa a tsaye. Duwatsun kuwa sun taso ne saboda farantin ƙasar Afirka yana tura na Turai. Masu tsinin nan da ke saman gari ƙaƙƙarfan dutse ne mai shekara kusan miliyan 300.

Mer de Glace ana zuwa ne da jirgin ƙasa mai haƙori a tsakiyar layi, wanda ya fara kaiwa Montenvers a 1909. Minti ashirin ne zuwa mita 1,913. A gaya musu tun yanzu: ba fari fat za su gani ba. A lokacin zafi tsakuwa da baraguzan dutse sun lulluɓe saman ƙanƙarar, launin toka ne, kuma ta yi ƙasa sosai. A ƙarshen shekarun 1980 matakala kaɗan ake sauka daga ƙaramar motar igiya zuwa kogon da ake sassaƙawa a cikinta. Kafin a rufe tsohuwar hanyar, matakalan sun haura 500, don ƙanƙarar na narkewa ana ƙara su. A 2024 aka buɗe sabuwar mota da ke sauka gaba kaɗan, amma har yanzu akwai matakala, kuma duk wanda ya sauka sai ya hawo. Dattijo ya zauna a barandar sama. Daga nan ana ganin tsinin Drus, wanda wani babban ɓangarensa ya rufto a 2005. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ce ke riƙe shi kamar siminti, tana narkewa yana sakin jiki.

Yaya Bala: Shi ya sa alamun hanya ba ado ba ne. Idan an rufe hanyar ƙafa, an rufe. Kada a tsaya wasa a cikin rafin da ke fitowa daga ƙanƙara, ruwansa na ƙaruwa da rana, wasu kuma akwai madatsar lantarki a sama da ke sakin ruwa ba sanarwa. Bala'in da ya fi girma a yankin ma ruwa ne: a Yuli 1892 tafkin da ya taru a cikin ƙanƙarar Tête Rousse ya fashe da dare, ya share wurin wankan Saint-Gervais, mutum kusan 175 suka rasu. Da hunturu kuwa zaftarewa ce, kamar ta Montroc a Fabrairu 1999 da ta kashe mutum 12 a cikin gidajensu.

Ga hanyoyin ƙafa da suka dace da iyali. A rana ta biyu a hau motar igiya zuwa Planpraz, tashar tsakiya mai mita 2,000, ko har Brévent. Daga wannan ɓangaren ne ake ganin Mont Blanc gaba da gaba, don wanda ke jikin tsauni ba ya ganin siffarsa. Masu ƙarfi su hau Flégère su taka zuwa tafkin Lac Blanc, mita 2,352, kusan awa biyu hawa, da duwatsu a hanya, kuma a farkon Yuli ana iya tarar da ragowar dusar ƙanƙara. Ranar Aiguille du Midi, a dawowa ana iya sauka a Plan de l'Aiguille a bi hanyar ƙafa ta Grand Balcon Nord zuwa Montenvers, awa biyu da rabi zuwa uku, a sauko da jirgi. Kuskuren da ake yi shi ne mantawa da lokacin motar ƙarshe. Wanda ya makara zai gangara mita 900 zuwa 1,300 da ƙafa, gwiwa kuma a gangara take lalacewa. A rubuta lokacin a hannu, a bar rarar awa guda. Kowa da ruwa lita ɗaya da rabi. Lambar gaggawa 112.

Hawan Mont Blanc kansa ba ya cikin wannan magana. Aikin masu horo ne da ɗan rakiya, da ajiyar gado a masaukin Goûter, mita 3,835, tun watanni kafin lokaci.

Alaramma: Salla. Alƙibla daga Chamonix kudu maso gabas ce, kusan digiri 121 daga arewa, wato mutum ya fuskanci jerin tsinayen da ke saman gari, hagu da Aiguille du Midi, Brévent na bayansa. Babban kuskure shi ne ɗaukar ɓuyar rana a bayan dutse a matsayin faɗuwarta. A kwarin rana na ɓacewa tun da sauran lokaci mai yawa, alhali ƙololuwar Mont Blanc na nan da haske. A farkon Yuli magariba sai wajen ƙarfe 9 da minti 25 na dare. Lisha ta danganta da lissafin da manhajar waya ke bi na nitsewar rana bayan faɗuwarta: na digiri 12 zai ba da wajen 11 saura, na digiri 18 kusan 12 na dare, asuba kuma wajen 4 da kwata a na farko, 3 da 'yan mintoci a na biyu. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa. Tunda sun yi niyyar kwana shida a wuri ɗaya, a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku ta yanke ƙasaru, sai su cika. Juma'a kuwa, musulmin yankin sun fi yawa a garuruwan masana'antu na ƙasan kwarin irin su Cluses, inda Turkawa da 'yan arewacin Afirka suka daɗe, sai kuma babban masallacin Jeniba.

Anti Rabi: Abinci ma a kula. Abincin Savoie cuku ne da dankali da naman alade. Tartiflette akwai gutsattsarin alade a ciki. Fondue da farar giya ake narka cukun. Raclette cukun da dankalin ba laifi, amma tare da yankakken naman alade ake kawo ta, sai an ce a cire. Diots tsiran alade ne, génépi kuma giya ce ko da an kawo ta kamar kyauta bayan abinci. Kalmomi uku sun isa a tambaya: porc (alade), lardons (gutsattsarin alade), vin (giya). Kifi, ƙwai, miyar ganye da burodi suna ko'ina. Gidajen abinci da yawa daga 12 zuwa 2 suke ba da na rana, na dare daga 7, tsakani kicin a rufe. Gida mai kicin ya warware wannan duka. Kasuwar gari ranar Asabar da safe take ci, a nan za a samu cukun Beaufort da Reblochon da Tomme, da zuma da kayan lambu. Ruwan famfo ana sha. Kada a sa kilishi ko dambun nama a akwati, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, ƙwacewa ake yi.

Ɗan Tasha: Saura takardu. Suwizalan tana cikin yankin bizar Shengen amma ba ta cikin Tarayyar Turai. Biza ɗaya ta isa Suwizalan da Faransa da Italiya, ana neman ta ne a ofishin ƙasar da ita ce babbar manufar tafiyar. Kuɗi kuwa faran ne a Jeniba, Yuro a Chamonix da Courmayeur. Inshorar biza ta Yuro 30,000 ta asibiti ce, a karanta a ga ko ta haɗa da ceto a tsauni da kuma iyakar tudun da ta amince da shi, don a ɓangaren Italiya da Suwizalan ana iya cajin kuɗin jirgi mai saukar ungulu. Layin wayar Faransa ba lallai ya haɗa da Suwizalan ba, kuma wajen Vallorcine waya kan kama layin can da kanta, a kashe zaɓin kai tsaye. Soket ɗin Faransa mai rami biyu ne zagayayye, wanda ya taso daga Najeriya ya zo da adafta, na Nijar kuwa nasa zai shiga.

Idan za su leƙa Italiya ta ramin, su ɗauki fasfo. Tun bayan gobarar Maris 1999 da ta kashe mutum 39, ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazara, gudu ba ya wuce kilomita 70, don haka layi na yin tsawo a ƙarshen mako. Ana kuma rufe shi don gyara, a 2024 ya yi kusan mako 15 a rufe daga Satumba.

Maman Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na tura musu: gida mai kicin a Les Praz ko tsakiyar gari, kusa da tasha, Brévent rana ta biyu, Aiguille du Midi daga ta uku idan gari ya waye garau kuma an san ko akwai mai sikila ko AS a cikinsu. Idan taron ya matsa zuwa ƙarshen Agusta fa?

Yaya Bala: To su duba kalanda da kyau, Hajiya. A makon ƙarshe na Agusta ake tseren UTMB, na zagaye Mont Blanc kusan kilomita 170 ta ƙasashe uku, garin da mazaunansa ba su kai 9,000 ba sai ya cika maƙil, ɗaki ya yi wuya ya yi tsada. Makon farko ko na biyu na Satumba ya fi: jama'a sun ragu, hanyoyin ƙafa sun bushe. Sai dai daga tsakiyar watan wasu motocin igiya ke fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, don haka a duba ranar rufe Flégère da Brévent kafin a biya kuɗin gida.